Richard Whiting: Shugaban gidan zuhudun da aka tsara kashe shi tun kafin a zauna shari'a

A kudu maso yammacin Ingila, cikin gundumar Somerset, akwai wani ƙaramin gari mai suna Glastonbury. Matasan duniya sun fi sanin sunan ta dalilin gagarumin bikin kaɗe-kaɗen da ake yi a wata gona ta ƙauyen Pilton, kusa da garin. Amma a tsakiyar garin kansa akwai wani fili mai faɗin eka 36, shimfiɗe da ciyawa, inda ragowar wasu dogayen bangayen dutse ke tsaye babu rufi. Wannan kufai shi ne abin da ya saura na ɗaya daga cikin gidajen zuhudu mafi daɗewa da arziki a ƙasar. Daga wajen garin ta gabas akwai wani tsauni mai hasumiya guda a ƙololuwarsa. A gindin wannan hasumiya aka rataye shugaban gidan na ƙarshe, Richard Whiting, ranar 15 ga Nuwamba, 1539.

Whiting bai taɓa ɗaukar makami ba, kuma bai shiga tawaye ba. Rantsuwar da gwamnati ta nema ya yi, kyautar da manya suka yi kwaɗayi ya aika, sa'annan ya kame bakinsa lokacin da ake rufe gidajen maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka, takardun da jami'an Sarki Henry na Takwas suka rubuta da hannunsu, waɗanda ke ajiye har yau, sun nuna cewa an riga an yanke shawarar kashe shi tun kafin a gurfanar da shi gaban alƙalai.

Gidan da ya gada

Gidan zuhudu wuri ne da wasu Kiristoci ke keɓe kansu domin ibada. Mai shiga yakan yi alkawarin barin aure, da barin mallakar dukiya, da biyayya ga shugaban gida har mutuwa. 'Yan zuhudun Glastonbury suna bin ƙa'idojin da Benedict, mutumin Italiya, ya tsara a ƙarni na 6, inda ake raba yini tsakanin addu'a da karatu da aiki. Ɗan zuhudu ba ya mallakar ko rigar jikinsa, amma shi gidan yana mallaka. Sarakuna da attajirai sukan ba shi gonaki a matsayin waƙafi don a riƙa yi musu addu'a bayan ransu, kuma gida ba ya mutuwa balle a raba gadonsa. Ta haka dukiya ta yi ta taruwa ƙarni bayan ƙarni.

An riga an kafa gidan Glastonbury tun wajen shekarar 700, zamanin Sarki Ine na Wessex, wanda ya taimaka masa da filaye da gini. A ƙarni na 10 Dunstan ya shugabance shi, ya farfaɗo da tarbiyyarsa, kafin daga baya ya zama babban bishop na Canterbury. An binne sarakunan Ingila uku a cikinsa: Edmund na Farko, da Edgar, da Edmund Ironside. Lokacin da Sarki William ya sa aka ƙidaya filayen ƙasar a 1086, babu gidan zuhudun da ya kai Glastonbury arziki.

A watan Mayun 1184 gobara ta cinye kusan dukkan gine-ginen, har da tsohuwar majami'ar da ake girmamawa fiye da komai a wurin. Sarki Henry na Biyu ya ɗauki nauyin sake ginin, amma ya rasu a 1189, magajinsa Richard kuma ya karkatar da hankalinsa da kuɗinsa ga yaƙin Salibiyya. Shekara biyu bayan haka, a 1191, sai 'yan zuhudun suka sanar cewa sun tono kabarin Sarki Arthur, gwarzon tatsuniyoyin Birtaniya, tare da matarsa. Labarin ya ɗaga sunan gidan, har a 1278 Sarki Edward na Farko ya halarci bikin mayar da ƙasusuwan cikin sabon kabari a gaban babban bagaden majami'ar. Daga baya aka ƙara da labarin cewa Yusufu na Arimatiya, wanda Linjila ta ce shi ya binne Yesu, ya zo wurin da kansa ya kafa majami'ar farko. Masana tarihi na yanzu suna kallon labaran biyu a matsayin dabarar jawo maziyarta da martaba. Gidan da Whiting ya gada wurin ibada ne da karatu, kuma babban mai filaye ne da ya san hanyar neman kuɗi.

Mutumin da ba a yi tsammani ba

An haifi Richard Whiting a yankin Somerset a rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Ya shiga gidan Glastonbury, aka naɗa shi limamin coci a 1501, a zamanin shugabancin Richard Beere, mutumin da ya shahara da ilimi da gine-gine. Whiting ya yi shekaru yana riƙe da muƙamin mai kula da tufafi da makwancin 'yan'uwansa, aikin da ke bukatar amana da iya lissafi fiye da iya siyasa.

Da Beere ya rasu a farkon 1525, sai 'yan zuhudun suka miƙa haƙƙinsu na zaɓen shugaba ga Kadinal Thomas Wolsey, wanda a lokacin shi ne na biyu ga sarki a iko. A watan Maris Wolsey ya zaɓi Whiting. Tun daga ranar farko ke nan kujerarsa ta zo ta hannun fada.

Kujerar kuwa babba ce. Shugaban Glastonbury yana da wurin zama a majalisar iyayen ƙasa tare da bishop-bishop da manyan sarakai. Yana da 'yan zuhudu kimanin 50 a ƙarƙashinsa, da barori masu yawa, da gandaye, da gidajen hutu a ƙauyuka, da manoma masu biyan haya a faɗin Somerset da kewayenta. Shekaru kusan goma na farkon mulkinsa sun wuce lami lafiya. Ya ƙarasa ɗakin ibadar Edgar da Beere ya fara a gabashin majami'ar, abin da ya kai tsawon ginin zuwa wajen mita 175. Masanin littattafai John Leland, wanda ya ziyarci gidan a shekarun 1530, ya yaba da karimcin Whiting, ya kuma yi mamakin tsofaffin littattafan da ya tarar a ɗakin karatunsu.

Rantsuwa da ƙidaya

Guguwar da ta ci gidan daga fada ta taso. Sarki Henry yana son rabuwa da matarsa Catherine ta Aragon ya auri Anne Boleyn, Paparoma kuma ya ƙi warware auren. Wolsey ya kasa samo izinin, aka tuɓe shi a 1529. Wanda ya maye gurbinsa a kusanci da sarki shi ne tsohon yaronsa, Thomas Cromwell, lauya mai kaifin basira. Shi ya tsara jerin dokokin da suka raba cocin Ingila da Roma, har a 1534 majalisa ta tabbatar da sarki a matsayin shugaban cocin ƙasar.

Aka bi gidajen zuhudu ana neman su amince da wannan a rubuce. Whiting da 'yan zuhudunsa suka sa hannu a 1534, kamar yadda mafi yawan takwarorinsu suka yi. Makomar waɗanda suka ƙi ba ta ɓoyu ga kowa ba: a watan Mayun 1535 aka kashe John Houghton da wasu shugabannin zuhudu a Landan, a watan Yuni aka fille kan Bishop John Fisher, a watan Yuli kuma Thomas More, tsohon babban alƙalin alƙalan ƙasar, ya bi bayansa.

A wannan shekara ta 1535 Cromwell, wanda sarki ya naɗa mataimakinsa kan harkokin coci, ya aika tawaga iri biyu. Ta farko ta ƙidaya kuɗin shigar kowace majami'a da kowane gidan zuhudu, aka tattara sakamakon cikin kundin da ake kira Valor Ecclesiasticus. Kundin ya nuna Glastonbury na samun fiye da fam 3,300 a shekara, kuma gidan Westminster kaɗai ya fi shi. A zamanin da lebura ke samun 'yan fam kaɗan a shekara, wannan dukiya ce ta gaske. Tawaga ta biyu kuwa laifi take nema: lalata, sakaci da ibada, almubazzaranci. Richard Layton, wanda ya yi ƙaurin suna wajen tono asirin gidaje, ya isa Glastonbury a watan Agusta. Ya rubuta wa Cromwell cewa bai sami wani abin a-zo-a-gani ba, domin an tsare 'yan zuhudun da tarbiyya mai tsanani. Har ya yabi Whiting a gaban sarki.

Shiru yayin da maƙwabta ke faɗuwa

A 1536 majalisa ta zartar da dokar rufe duk gidan zuhudun da kuɗin shigarsa bai kai fam 200 a shekara ba. Hujjar dokar ita ce ƙananan gidaje sun lalace, ta kuma yabi manyan gidaje da riƙon addini. Aka kafa wata sabuwar hukuma ƙarƙashin Richard Rich don karɓar kadarorin. A watan Oktoba mutanen arewacin Ingila suka tashi da bore ƙarƙashin jagorancin lauya Robert Aske, suna neman a mayar da gidajen. Sarki ya yaudare su da alkawari, suka watse, sa'annan a 1537 ya kashe Aske da wasu shugabannin zuhudu, ciki har da na Whalley da na Jervaulx.

Daga nan gwamnati ta gano hanya mafi sauƙi. A watan Afrilun 1537 shugaban gidan Furness, cikin tsoron tuhumar cin amanar ƙasa, ya sa hannu cewa ya miƙa gidansa ga sarki bisa raɗin kansa. Wannan ya zama tsarin da aka bi da sauran manyan gidaje: jami'ai su iso da takarda a rubuce, shugaba ya sa hannu, a ba shi fansho mai tsoka, a ba 'yan zuhudunsa ƙarami, a kwashe kayan zinariya da azurfa zuwa Landan.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da Whiting ya zaɓa shi ne ladabi da kyauta. Ya riƙa aika wa Cromwell wasiƙun girmamawa, yana biya masa bukatunsa na muƙamai da alfarma. Bai ce uffan ba game da boren arewa. A farkon 1539 sauran gidajen Somerset, irin su Bath da Keynsham da Athelney da Bruton, suka miƙa wuya, Glastonbury kaɗai ya rage. Da aka kira majalisa a watan Afrilu, Whiting ya nemi uzuri saboda rashin lafiya, bai je ba.

Wannan zama na majalisa shi ya zartar da doka ta biyu, kuma a cikinta makomarsa take. Dokar ba ta ba sarki ikon ƙwace manyan gidaje da ƙarfi ba. Abin da ta yi shi ne tabbatar masa da mallakar duk gidan da aka miƙa, da kuma duk gidan da ya faɗo hannunsa ta hanyar hukuncin cin amanar ƙasa. Ma'ana, ƙofa biyu ce: ko shugaba ya sa hannu, ko a same shi da laifi. Whiting, wanda ya sa hannu kan komai a baya, bai miƙa gidan ba.

Binciken da aka fara da amsa

A tsakiyar watan Satumba Layton ya rubuta wa Cromwell yana neman afuwa kan yabon da ya yi wa Whiting shekara huɗu da suka wuce, yana mai cewa ya yi kuskuren fahimtar mutumin. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 19 ga watan, ya iso Glastonbury ba sanarwa, tare da Richard Pollard da Thomas Moyle. Suka tarar da dattijon a gidansa na Sharpham, kusa da garin. Suka yi masa tambayoyi, amsarsa ba ta gamsar da su ba, suka dawo da shi gidan zuhudun, suka kwana suna binciken ɗakin karatunsa.

Abin da suka samu, bisa rahotonsu, shi ne wani rubutu mai kawo hujjojin da ke adawa da sakin Catherine, da kwafin wasu takardun Paparoma, da littafin tarihin Thomas Becket, babban bishop ɗin da ya ja da wani sarki a ƙarni na 12, wanda Henry ya sa aka rushe hubbarensa a 1538. Su da kansu suka amsa cewa ba su sami wata wasiƙa mai nauyi ba. Duk da haka suka aika Whiting, mai rauni da rashin lafiya, zuwa kurkukun Hasumiyar Landan.

Sai suka juya kan dukiya. Suka sallami barori da 'yan zuhudu, suka shiga bincike lungu-lungu, suka gano kuɗi da kayan ibada na zinariya da azurfa da aka ɓoye cikin bangaye da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wasu kuma an kai su ƙauyuka. Wasiƙunsu na wannan mako cike suke da sha'awar wurin: sun kwatanta shi da fadar da ba ta dace da kowa ba sai sarki, sun lissafa gandayen farauta huɗu da wani babban tafki cike da kifi. Ɓoye kayan gaskiya ne, kuma shi ya ba su abin riƙewa. Mutumin da ya ɓoye kayan gidansa don kada a kwashe, shi aka tuhuma da yi wa gidan sata.

Mafi muni cikin takardun shi ne ɗan littafin da Cromwell ke rubuta ayyukan da yake son tunawa. A ciki ya rubuta cewa a kai shugaban Glastonbury garinsa a yi masa shari'a, a kuma kashe shi a can tare da abokan laifinsa. Shari'a da kisa suna cikin jimla guda. Ya rubuta irin wannan game da shugaban gidan Reading. Ya ƙara da tunatar da kansa cewa a tabbatar an jera hujjoji da kyau, an kuma tsara takardar tuhuma yadda ya kamata. A cikin waɗannan rubuce-rubuce ne kuma ya lissafa ganimar: kayan azurfa masu nauyin oza 11,000 da ɗoriya ban da zinariya, da tsabar kuɗi fiye da fam 1,100.

Kwana biyu a watan Nuwamba

Ranar Juma'a 14 ga Nuwamba aka gurfanar da Whiting a garin Wells, ƙarƙashin kulawar John Russell, babban wakilin sarki a yammacin ƙasar. Tare da shi akwai John Thorne, ma'ajin gidan, da Roger James, mai kula da kayan ibada. Aka yanke musu hukunci a ranar.

Washegari aka kawo su Glastonbury. Aka ɗaure dattijon a kan wani ƙyauren itace, doki ya ja shi ta titunan garin da ya mulka shekara 14, har zuwa kan tsaunin da ake kira Tor, inda duk mai gona a kwarin zai iya hango abin da ke faruwa. Pollard, wanda ke wurin, ya ci gaba da matsa masa da tambaya kan sauran zinariya da kan waɗanda suka taimaka masa. Rahotonsa ya nuna cewa Whiting bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma bayyana wani abu fiye da abin da ya faɗa a Landan ba. Ya nemi gafarar Allah da ta sarki, ya karɓi mutuwa cikin haƙuri.

Aka rataye su ukun. Aka fille kan Whiting aka kafa a ƙofar gidan zuhudun, aka raba gawarsa huɗu aka aika Wells da Bath da Ilchester da Bridgwater don jama'a su gani. A wannan makon aka kashe Hugh Faringdon na Reading, ranar 1 ga Disamba kuma John Beche na Colchester. Saƙon ya isa. Sauran gidaje suka yi ta sa hannu, kuma a watan Maris na 1540, da miƙa gidan Waltham, aka rufe babin gidaje fiye da 800 cikin shekara huɗu.

Wa ya ci moriyar

An sayar wa jama'a da shirin da sunan gyara. An kafa sababbin kujerun bishop shida, an kuma ba wasu makarantu da kwalejoji waƙafi. Amma kafin Henry ya rasu a 1547, fiye da rabin filayen sun bar hannun gwamnati, akasari ta hanyar sayarwa don biyan kuɗin yaƙi da Faransa da Scotland. Masu saye da masu samun kyauta su ne fadawa, da lauyoyi, da masu filayen karkara. John Russell, wanda ya kula da shari'ar Whiting, ya sami filayen gidan Tavistock, daga baya kuma gidan Woburn, wanda ke hannun zuriyarsa har yau. Pollard ya sami gidan Forde. Shi kuwa Cromwell, wata takwas kacal bayan ratayar Tor, ranar 28 ga Yulin 1540, aka fille kansa a Landan bisa dokar majalisa, ba tare da an zauna shari'a ba. Ramin mugunta, in ji masu iya magana, a gina shi gajere.

A Glastonbury aka yaye dalmar rufin aka narkar, littattafan da Leland ya yaba suka warwatse, kabarin Arthur ya ɓace. A zamanin Sarki Edward na Shida aka ba Edward Seymour wurin, ya zaunar da wasu masaƙa 'yan gudun hijira daga nahiyar Turai. Zamanin Sarauniya Mary wasu tsofaffin 'yan zuhudun suka roƙi a maido musu da gidan, amma ta rasu a 1558 ba a yi ba. Bayan haka wurin ya zama mahaƙar dutse ga masu gini da masu gyaran hanya har tsawon ƙarnuka.

Cocin Katolika ya ɗauki Whiting da abokansa biyu a matsayin shahidai, kuma Paparoma Leo na 13 ya sanya su cikin masu albarka a 1895. A 1907 aka yi gwanjon kufan kan fam 30,000, shekara guda bayan haka ya koma hannun wata amintacciyar hukuma ta cocin Ingila. Aka yi ta tone-tonen bincike a wurin, kuma a 2015 masanan Jami'ar Reading, ƙarƙashin Roberta Gilchrist, suka wallafa nazarin da ya nuna babu hujjar da ke tabbatar da ramin da aka taɓa ɗauka kabarin Arthur ne.

Mai ziyara a yau zai ga bangayen ɗakin ibadar Maryamu da aka gina bayan gobarar 1184, da manyan ginshiƙai biyu na tsakiyar majami'ar, da alamun tubalin ɗakin Edgar da Whiting ya ƙarasa, kwance cikin ciyawa. Ginin da ya tsira da rufinsa shi ne ɗakin girkin shugaban gidan, na ƙarni na 14, mai murhu huɗu, inda ake dafa abincin manyan baƙi. Abin da ya faru da mai ɗakin kuwa, ba daga bakin magoya bayansa aka fi saninsa ba. Layton da Pollard da Russell da Cromwell su suka rubuta shi dalla-dalla, da kwanan wata da lissafin kuɗi, kuma gwamnatin da suka yi wa aiki ita ta adana takardun.